“Sun Yi Tsere” Ko “Sun Tsere”? Yadda Kalmar Filin Sukuwa Ke Zama Suna, Ta Kuma Zama Aikatau

Tsere na cikin kalmomin Hausa masu fuska biyu. A matsayin suna, gasar gudu ce tsakanin biyu ko fiye, irin tseren dawaki, tseren raƙuma ko tseren keke. A matsayin aikatau kuwa, ma’anarta kufce wa mai tsaro ko mai kora, ko kuma wuce abokin gudu a bar shi a baya. A rubuce kamarsu ɗaya, shi ya sa ƙaramin kuskure a kanun labari kan mayar da wanda ya ci gasa mai gudun shari’a. “Matasa sun yi tsere a Ringim” labarin wasa ne. “Matasa sun tsere a Ringim” labari ne da zai sa iyayen da ke Kano da Dutse su fara bugo waya suna tambayar abin da ya faru. Kalmar “yi” ce kaɗai ta raba jimlolin biyu.

A filin doki

Mahaya na da kalmomi uku da waɗanda ba su saba da doki ba suke cakuɗawa: kilisa, sukuwa da tsere. Kilisa fita ce da doki don a motsa masa jini, mai shi kuma ya sha iska, yawanci da la’asar sakaliya. Sukuwa ita ce a saki linzami doki ya yi gudu iyakar ƙarfinsa, kuma mutum ɗaya ma yana iya yin ta shi kaɗai a fili. Tsere kuwa ba ya yiwuwa sai da abokin karawa, da wurin tashi, da wurin tsayawa, da wanda zai shaida wa ya riga wani.

Bambancin yana fitowa sarari a hawan Sallah. Ringim ta zama masarauta mai cin gashin kanta a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, kuma tana cikin masarautun jihar biyar tare da Dutse, Haɗeja, Gumel da Kazaure. Ƙasarta ta haɗa ƙananan hukumomin Ringim, Taura, Garki da Babura. A nan, kamar sauran masarautun ƙasar Hausa, idan mahaya suka zo jahi sukan jeru su sako dawaki a guje, su ja linzami daf da Sarki su yi zamiya, sannan su ɗaga hannu su yi jinjina. Wannan sukuwa ce tsantsa. Ba a neman wanda zai riga wani, kyan jahi ma a iso tare a tsaya tare. Mahayin da dokinsa ya tsere wa sahu a jahi bai ci komai ba, ya dai nuna cewa bai iya riƙe linzami ba. Don haka mai rahoton da ya kira jahi “tseren dawaki” ya kwatanta abin da bai faru ba.

Akwai wani abin lura game da sunan wurin. Filayen da Turawan mulkin mallaka suka keɓe don gasar dawaki a manyan garuruwa, Bahaushe ya kira su filin sukuwa, ko da yake tsere ake yi a cikinsu. Na Kano yana nan a Nasarawa da sunansa. Na Legas shi ne wurin da aka sauke tutar Birtaniya aka ɗaga ta Najeriya a daren shiga 1 ga Oktoba, 1960, yau kuma shi ne Dandalin Tafawa Balewa. Ita sukuwa ba ta da rikicin nahawu: suna ce tamace, ana cewa “sukuwar ta yi kyau”, idan kuma aka so aikatau sai siffar ta canja, a ce “ya sukwano”, ko a ce mutum ya iso “a sukwane”. Tsere ce ba ta canja riga tsakanin ayyukanta biyu.

Tsere a matsayin suna

Sunan namiji ne. Shi ya sa yake ɗaukar “-n” wajen jingina: tseren dawaki, tseren bana, tseren da aka ɗage. Kamar sauran sunayen da ke nuna aiki, irin su magana, barci da dambe, yana bukatar “yi” kafin ya zama aiki cikin jimla: sun yi tsere, za su yi tsere, ba su yi tsere ba. A lokaci mai ci kuwa “yi” na iya faɗuwa, a ce “suna tsere”, kamar yadda ake cewa “suna barci”. Wannan jimla ma’anarta ɗaya ce tak, wato suna gasar gudu. Masu gudun ceton rai ba a cewa “suna tsere”, sai dai “suna tserewa”.

A baki, kunne yana raba su tun kafin a kai ga ma’ana, domin karin sautinsu ya bambanta. A aikatau murya tana farawa sama ta sauko, a suna kuwa tana farawa ƙasa ta hau. Ƙamusoshin Bargery na 1934 da Abraham na 1949 suna nuna karin sautin kalmomi, amma daidaitacciyar ƙa’idar rubutun yau da kullum ba ta nuna shi. Mai sauraron rediyo ba ya ruɗewa. Mai karanta kanun labari a waya shi ne aka bari da ginin jimla kaɗai, kuma a kanu ne editoci suka fi zubar da ƙananan kalmomi don tsimin wuri.

Tsere a matsayin aikatau

A tsarin azuzuwan aikatau bakwai da masanin Hausa F. W. Parsons ya fitar a 1960, tsere na aji na huɗu, ajin da ke ƙarewa da “-e”, wanda sau da yawa yake nuna aikin da ya kai ƙarshe ko ya rabu da wani abu kwata-kwata. Ma’anarta takan rataya a kan kalmar da ta biyo baya.

Idan ta tsaya ita kaɗai, “ya tsere”, gudu ne daga hukunci, tsaro ko haɗari. Da “daga” ana ambata wurin da aka baro: a daren 5 ga Yuli, 2022 ɗaruruwan fursunoni sun tsere daga gidan yarin Kuje bayan harin da ƙungiyar ISWAP ta ce ita ta kai. Da “da” kuma zargi ya ƙaru, domin “ya tsere da kuɗin ƙungiya” ya haɗa gudu da sata. A nan ma “yi” tana juya komai: “ya yi tsere da shi” na nufin sun gwada gudu, “ya tsere da shi” na nufin ya ɗauke shi ya gudu.

Wuri mafi santsi shi ne inda “wa” ko “ma” ta biyo. “Ya tsere masa” tana iya nufin ya kufce masa, tana kuma iya nufin ya wuce shi. Wanda aka ambata ne ke fayyacewa. Wanda ya tsere wa ’yan sanda ya gudu ne. Wanda ya tsere wa sa’o’insa ya fi su ne, kuma daga nan maroƙa suka samo kirarin cewa wane ya tsere wa tsara. Wannan ma’ana ta biyu ita ce ta filin doki, ita ce kuma siyasa ta ara. A zaɓukan gwamnan Jigawa na 2015 da 2019, manyan ’yan takara biyu duk ’ya’yan masarautar Ringim ne: Muhammad Badaru Abubakar na APC, mutumin Babura, da Aminu Ibrahim Ringim na PDP. Sau biyun Badaru ne ya yi nasara. Daidai ne a rubuta cewa ya tsere wa abokin karawarsa da tazarar ƙuri’u. Amma idan aka datse jimlar don ta shiga kanu, aka bar sunan ɗan takara da “ya tsere” kawai, mai karatu zai fahimci an ce zaɓaɓɓen gwamna ya cika wandonsa da iska.

Tseren wane da tserewar wane

Sunan da ke fitowa daga aikatau shi ne tserewa, kuma tamace ce, tana ɗaukar “-r”. Tseren fursunoni gasa ce da za a iya shirya musu a harabar gidan yari. Tserewar fursunoni kuwa lamari ne da ke cin kujerar manya, kuma Ringim ta san haka a kan ɗanta. Hafiz Abubakar Ringim ya zama Sufeto Janar na ’yan sandan Najeriya a Satumban 2010. A ranar 14 ga Janairu, 2012 ’yan sanda suka kama Kabiru Sokoto, wanda ake zargi da hannu a harin bam na ranar Kirsimetin 2011 a cocin Katolika da ke Madalla, a masaukin gwamnan Borno da ke Abuja. Ba a jima ba ya tsere daga hannunsu a Abaji, inda suka kai shi binciken gidansa. Ranar 25 ga watan Shugaba Goodluck Jonathan ya maye gurbin Ringim da Mohammed Dikko Abubakar. An sake kama Kabiru Sokoto a Fabrairu a Mutum Biyu ta Jihar Taraba, kuma a Disamban 2013 kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Wanda ya rubuta “tseren Kabiru Sokoto” a wannan labari ya yi kuskuren nahawu, ya kuma rage wa lamarin nauyi ba da niyya ba.

Kalmar da ke ɗauke da hukunci

Ko an rubuta ta daidai, tsere ba kalma ce ’yar ba-ruwana ba. Idan aka ce mutum ya tsere, kunnen Bahaushe yakan ji cewa akwai abin da yake gudu, kuma sau da yawa ya ɗauka yana da laifi. Shi ya sa harshen ya tanadi ’yan’uwanta don wanda aka zalunta. Akwai tsero, mai nuna gudu zuwa wajen mai magana, wadda take sa mai ba da labari a gefen wanda ya gudo. Daga cikin ɗalibai mata 276 da aka sace a Chibok a Afrilun 2014, 57 sun tsero tun a farko-farkon lamarin, kuma “tsero” ko “kuɓuta” ce ta dace da su, domin gida suka nufo. Akwai kuma tsira, wadda ta fi karkata ga kuɓuta daga halaka, har ta zama kalmar wa’azi, da tsirar da ko tseratar da, aikin mai ceto. Matsera ita ce wurin gudu, an fi jin ta a “babu matsera”. A can ɗaya gefen akwai arce da sulale, masu ɗauke da ba’a, waɗanda suka fi dacewa da hira da sharhi fiye da rahoto.

Masu mulki sun san wannan nauyi. A Oktoban 2023 sojojin da suka karɓe mulki a Nijar sun ce hamɓararren Shugaba Mohamed Bazoum ya yi yunƙurin tserewa daga inda suke tsare da shi, lauyoyinsa kuma suka musanta. Kafar da ta rubuta “Bazoum ya yi yunƙurin tserewa” ba tare da jingina maganar ga sojoji ba ta ɗauki zargin ɓangare ɗaya ta mayar da shi labari. Haka abin yake ga ɗan siyasar da ya fita ƙasar waje ana tsakiyar bincikensa. “Ya tafi”, “ya fice” da “ya tsere” duk suna iya kwatanta hawa jirgi ɗaya, amma ta ukun ta riga ta yanke hukunci, kuma tana bukatar hujja irin sammacin kotu da aka ƙi amsawa ko belin da aka saɓa.

Larabci bai haɗa ma’anonin biyu a saiwa ɗaya ba, yana da kalmar rigaye daban da ta gudu. Malamai kan ci karo da hakan wajen fassara hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ya ba da labarin gasar da Manzon Allah (SAW) ya shirya tsakanin dawaki a Madina, inda horarrun suka tashi daga Hafya’u zuwa Saniyyatul Wada’i. Fassarar da ta dace ita ce ya sa an yi tsere tsakanin dawaki, da sunan da kuma “yi”.

A fagen zaɓe sunan bai samu karɓuwa irin ta aikatau ba. “Tseren shugaban ƙasa” da ake gani jefi-jefi a shafukan intanet fassara ce kai tsaye daga rahotannin Ingilishi, inda aka saba kwatanta zaɓe da gasar dawaki. Hausa ta riga ta ba wannan wuri ga takara, har ta haifi ɗan takara da tsayawa takara, tana kuma da fafatawa da karawa. Inda ake son nuna ɗokin kowa ya riga kowa, kamar rububin ’yan siyasa zuwa jam’iyya mai mulki bayan zaɓe, rige-rige ko tserereniya ne suka fi zama a bakin masu harshen.