Salsala

salsala (suna, mace, daga Larabci) 1. Jerin iyaye da kakanni da mutum ya fito daga tsatsonsu, ɗa daga uba, har a kai kan kakan da aka daina tunawa. *Kafin a ba shi 'yarmu, Yaya, sai an binciki salsalarsa.* 2. Asalin abu da yadda ya faro.

A Kano ba sarakai kaɗai ke riƙe salsala ba, gidajen fatake ma suna ji da tasu. Dattijon da ya tsufa a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari zai zayyano maka ta gidan Ɗantata, Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja: Baba Talatin ya haifi Abdullahi, Abdullahi ya haifi Alhassan a Bebeji a 1877. Alhassan ya shahara da cinikin gyaɗa, ya rasu a 1955, ya bar 'ya'ya, cikinsu Sanusi da Aminu. Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa, ɓangaren da masu jero salsala kan tsallake, abin da bai kamata ba.

Duba *asali*, *zuri'a*, *nasaba*.