Kibiyar Bargu da Dokokin Asiri

Masu karanta littattafan yaƙi da tsafi na Hausa sun daɗe suna gardama kan tambaya ɗaya: idan jarumi na da maganin ƙarfe, me ya kayar da shi? Tambayar ta kai shekarun Ganɗoki, littafin Bello Kagara da ya fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya. Ganɗoki ya yaƙi Turawa a Kontagora, aka ci garin, ya nausa gabas zuwa ƙasashen aljannu inda ƙarfinsa ya yi rana, ya dawo ya tarar mulkin Turawa ya kafu. Marubucin ya raba duniyar biyu: inda abin mamaki ke aiki, da inda bindiga ke aiki.

Amsoshin masu karatu ba su cika wuce uku ba. Ko jarumin ya karya sharaɗi, ko abokin gaba ya gano makarin, ko kuma asirin na da ƙasarsa, ba ya tsallake iyakarta. A Amurka sai a 2007 Brandon Sanderson ya rubuta dokarsa ta farko, cewa sihiri ba zai warware matsala a labari ba sai gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci ƙa'idarsa. Wanda ya tashi yana jin zancen layar zana da sagau bai buƙaci a gaya masa ba.

Amsa ta uku, ta ƙasa, tana da tarihi na gaske a Illo, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, dab da iyakar Benin. Illo na cikin tsofaffin masarautun Bargu tare da Busa da Nikki, kuma dukansu na danganta asalinsu da Kisra. A wata ruwaya, Kisra da mutanensa sun haye Neja, sai kogin ya faɗaɗa a bayansu, masu binsu suka rasa mashiga. Tarihi ya ƙara wa labarin kwarjini, domin Askiya Muhammadu na Songhai ya kai wa Bargu yaƙi wajen 1505 ya yi asarar mayaƙa masu yawa, kuma jihadin ƙarni na 19 bai ci Busa da Nikki ba. Maƙwabta suka yanke hukunci: ƙasar a tsare take.

Turawa ma sun faɗa irin wannan gardama, sai dai sun kira tasu bincike. Leo Frobenius ya ce Kisra shi ne Kisra na Farisa, wasu suka jiyo sunan Almasihu a cikin kalmar. A 1975 Phillips Stevens ya nuna yadda irin waɗannan fassarori suka jirkita ruwayar kanta. Bambancinsu da mai karatun da ke ƙirƙiro wa marubuci dokar da bai rubuta ba ɗan kaɗan ne.

Wani ɓangare na asirin kuwa ana iya taɓa shi da hannu. Kibiyar Bargu na ɗauke da dafi, kuma dafin kibiya a wannan yanki ƙwanƙwani ne ginshiƙinsa, tsiron da ke tsayar da zuciya. A ƙarshen 1894, bayan Lugard ya riga Decoeur na Faransa isa Nikki, an harbe shi da irin wannan kibiya a ka. Ya sha magungunan da mutanensa suka ba shi, ya rayu. Masu ra'ayin makari za su ce ga hujjarsu nan.

Ƙarshen lamarin a Faris aka yi shi. Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta raba Bargu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo hannun Ingila. Layin da aka ja a lokacin shi ne tushen iyakar da 'yan kasuwar Lolo da Tsamiya ke tsallakewa a yau.