Zangon Hutu da Karatun Tsaron Ƙasa: Tarihin Faransa da Namu

Ƴan uwana ɗalibai, a wurinmu babban hutu lokacin damina ne, wanda ya koma gida sai ya ɗauki hauya. A Faransa kuwa, an daɗe ana tara matasa wuri guda, su kwana su tashi tare, ana koya musu yadda ake tsara tsaron ƙasa. Ina ganin ya kamata mu san mafarin abin.

A 1936, lokacin da Hitila ke ta haɗa makamai a Jamus, gwamnatin Faransa ta buɗe wata makaranta a Paris ƙarƙashin Amiral Raoul Castex. Dabarar ita ce a zaunar da manyan sojoji da manyan ma'aikata farar hula a aji ɗaya, don yaƙi ba bindiga kaɗai ba ne, akwai kuɗi, abinci, hanyoyi da diflomasiyya. Bayan yaƙin duniya na biyu makarantar ta zama IHEDN. Amma shekara da shekaru manya kaɗai ke shiga.

Abin da ya kawo matasa ciki shi ne soke aikin soja na tilas. Shugaba Chirac ya sanar da haka a 1996, doka ta fito a 1997. Sai tambaya ta taso: in saurayi ba zai ƙara shiga bariki ba, ina zai san yadda ake kare ƙasarsa? IHEDN ta riƙa shirya wa matasa zama na kusan mako guda. Ana yi musu lacca, ana kai su sansanin soja, a raba su ƙungiya-ƙungiya, kowace ta rubuta rahoto kan matsala ɗaya. A Yunin 2019 kuma gwamnatin Macron ta gwada shirin SNU: yara wajen 2,000 suka yi kamar mako biyu nesa da gida. Shirin ya sha suka saboda tsadarsa, wasu kuma suka ce fareti ya fi tunani yawa a ciki.

To mu fa? Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya farfaɗo da Samariya. Matasa sun gina ajujuwa, sun dasa itatuwa, amma aiki aka ba su, ba a ba su bakin magana kan tsaro ba. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka haɗu da jami'an tsaro a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka rasu. Tun daga nan tsakanin ɗalibi da mai kaki akwai ɗari-ɗari.

Alhali tun harin Boko Haram a Bosso da Diffa a Fabrairun 2015, tsaranmu ne ke mutuwa a fagen daga, ƙannenmu ne ake rufe wa lakwal a ƙauyukan kan iyaka. Kuɗin da ake sayen makamai da shi daga aljihu ɗaya yake fitowa da bursarmu.

Ni dai ban ce a kwafo na Faransa ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da nake so shi ne zangon da ɗalibin Maraɗi, Tawa da Damagaram zai zauna da hafsan soja, da alƙali, da sarkin makiyaya, ya yi tambaya a amsa masa. In an kira mu don tafi da rera taken ƙasa kaɗai, gara mu koma gona.