Tiya, Dala da Rezo: Abin da Digiri na Biyu a Ilimin Kwamfuta Yake Ƙara wa Ɗan Damagaram

A Zinder, idan aka ce wane ya karanta infomatik, abin da yake fara faɗo wa mutane a rai shi ne mai gyaran waya, ko mai buga takardu a wani shago kusa da Kasuwar Dole. Abin da ido ya saba gani ke nan. Amma kalmar, wadda Bafaranshe Philippe Dreyfus ya ƙirƙira a 1962, tana nufin sarrafa bayanai ta hanyar na'ura. Bayanan su ne gundarin fannin, na'ura kuwa kayan aiki ce.

Nijar tana bin tsarin lisans, mastar da dakta, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar Bolonya ta 1999, kuma hukumar CAMES da ke Wagadugu ce take tantance darajar takardun shaida a tsakanin ƙasashenta. Lisans shekara 3 ne, mastar shekara 2, zangon ƙarshe kuma yakan tafi a sitaji da rubuta kundin bincike da kare shi a gaban malamai. Jami'ar Zinder, wadda yanzu take ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, ta fara ne a matsayin cibiyar koyar da fasaha a 2008, ta zama jami'a a 2010. Jaririya ce idan aka kwatanta ta da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, don haka ba abin mamaki ba ne ka tarar mai mastar a garin ya samo ta daga Yamai, ko Dakar, ko Maroko.

A ganina, mai lisans yakan fito ya iya rubuta manhajar da aka ce ya rubuta. Mai mastar, idan karatun ya kama shi, shi ne zai iya cewa wace manhaja ta kamata a rubuta, ko ma ya ce matsalar ba ta manhaja ba ce. Tarihin garin yana da misalin wannan. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, bai tsaya ga makaman da ayari yake kawowa ta hamada ba, maƙeransa sun zuba igwa a cikin birni. Sayen bindiga daban, sanin yadda ake narka ƙarfenta daban.

Gwaninta mafi nauyi ita ce tsara siffar bayanai kafin a taɓa madannai. Makarantun da suka gaji tsarin Faransa suna koyar da ita ta hanyar Merise da UML, a kan tushen tsarin rumbun bayanai da Edgar Codd ya gabatar a 1970. A cikin aji abu ne na zane da kibiyoyi. A kasuwa ne ake gane amfaninsa. A ce wani dillalin hatsi yana son manhajar da za ta riƙe masa lissafi. Yana sayen gero da tiya, yana sayarwa da buhu, tiyar kuma ba a ko'ina take daidai ba, ga ta cike da tozo, ga ta shafe. Kuɗinsa da dala yake ƙirgawa: in ya ce ashirin, sefa 100 yake nufi, in ya ce ɗari biyu, jikka guda ke nan, wato sefa 1,000. Abokin cinikinsa da ya ƙetaro daga Daura ko Ɓaɓura da naira yake biya, a kan canjin da yake motsi daga safe zuwa yamma. Ga bashi da aka ɗaura a kan kaka, ba a kan wata rana ta kalanda ba. Wanda ya buɗe gurbi ɗaya ya sa masa suna "farashi" ya riga ya lalata lissafin, ko da tsarin rubutunsa ya fi na kowa tsabta. Mai horo zai ware adadi daga ma'auni, ya ware kuɗi daga nau'insa, ya ajiye canjin ranar tare da cinikin, sannan ya koma wurin dillalin ya tambaye shi abin da bai faɗa ba don yana ganin kowa ya sani. Wannan zama da mai matsala, da haƙurin sauraronsa cikin harshensa, rabin aikin ne, kuma shi ne abin da jarrabawa ta fi kasa aunawa.

Sai gina tsarin da zai jure katsewa. Littattafan fannin galibi an rubuta su ne a inda wuta da intanet ba sa yankewa. Zinder kuwa, tare da Maradi, ta daɗe tana dogaro da layin lantarkin da yake shigowa daga Katsina ta Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru lokacin da Najeriya ta yanke shi a watan Agustan 2023, har bayan ɗage takunkumin ECOWAS a Fabrairun 2024. Darasin tsarin kwamfutoci masu aiki tare yana koyar da wata ƙa'ida da Eric Brewer ya gabatar a 2000: idan sadarwa ta tsinke tsakanin na'urori, dole a zaɓi ɗaya, ko a ci gaba da aiki alhali kowace na'ura tana riƙe da nata lissafin, ko a dakata har rezo ya dawo. Ga ma'aikacin lafiya da yake rajistar yara a ƙauye, ci gaba da aiki ya fi, a daidaita bayanan daga baya. Ga mai tura kuɗi ta kamfanin Nita ko Amana, dakatawa ta fi, don kada a biya kuɗi ɗaya sau biyu. Sanin wanne ya dace a ina, da yadda za a sasanta rajista biyu da suka saɓa wa juna, ba a samunsa a kwas na wata uku.

Akwai kuma shakkar alƙaluma, wadda na fi so a kira ta tarbiyya. Jihar Zinder ce ta fi kowace yawan jama'a a ƙidayar 2012, da mutum fiye da miliyan 3 da rabi, kuma rahotannin cibiyoyin lafiyarta suna shiga manhajar DHIS2 da aka gina a Jami'ar Oslo. Idan gurbin zazzaɓin cizon sauro na wata cibiya ya zo babu komai a watan Satumba, tsakiyar lokacin cutar, ba a samu mara lafiya ba ne, ko kuwa ba a aiko da rahoto ba? Manhaja tana iya ɗaukar su duka a matsayin sifili, taswira ta fito fes, magani ya tafi wani wuri. Haka binciken da aka yi ta wayar tarho yake jin muryar masu waya kawai, ya bar matan karkara da yawa a baya. Kare kundi a gaban malamai, duk da hidimar hotuna da lemo da ta lulluɓe shi, asalinsa horo ne a kan tambaya ɗaya: ta yaya ka sani?

Tsaron bayanai ba sai an daɗe a kansa ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, matatar man SORAZ da ta fara aiki a 2011 kuma tana tafiya ne da na'urori masu sarrafa kansu, irin waɗanda cutar kwamfuta ta Stuxnet ta nuna a 2010 cewa ana iya yi musu ɓarna daga nesa. Guraben aikin kaɗan ne, amma kuskure a cikinsu yana da tsada.

Inda karatun yake da giɓi shi ne bayan an gama. Kundaye da yawa suna ƙarewa ne a manhajar kula da kantin magani ko rajistar ɗalibai, a nuna ta sau ɗaya ranar karewa, daga nan ƙura ta rufe ta. Ba a ba da maki a kan kula da tsari shekara biyu bayan gina shi, ko rubuta bayanin da zai sa wani ya gaje shi, alhali nan ne ayyukan ma'aikatu suke mutuwa. Ga matsalar harshe: ɗalibi yana tunani da Hausa ko Barbarci, yana karatu da Faransanci, sabbin binciken fannin kuma da Ingilishi suke fitowa.

Harshen kansa fage ne na bincike da yake jira. Dokar da aka zartar a watan Maris na 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma Nijar tana rubuta ƴ inda Najeriya take rubuta 'y, masu waya da yawa kuma ba sa sa ƙugiya ko kaɗan, sai ƙasa ta koma kasa. A rumbun rajista, sunan mutum ɗaya yana iya fitowa Mahamadou, Mamane, Maman da Muhammadu, gwargwadon wanda ya riƙe alƙalami. Masu bincike na ƙungiyar Masakhane da na Jami'ar Bayero ta Kano sun tara rubutun Hausa mai yawa don koyar da na'ura, sai dai mafi yawansa Hausar Najeriya ce, mai aro daga Ingilishi. Na'urar da ta koyi "mota ta lalace a hanyar asibiti" ba lalle ta gane mutumin Mirriya da ya ce kuran ya ɗauke a lakkol ba, balle ta san cewa idan ya ce zai je likita, ginin yake nufi.