Alƙalamin Gamba da Injin Ɗab'i

Idan aka ɗauko zancen masu rubuta Alƙur'ani da hannu a Kano ko Haɗeja ko Damagaram, abin da aka saba ji shi ne injin ɗab'i ne ya cinye musu kasuwa. Tarihin sana'ar bai goyi bayan wannan magana ba. Rubutun nan ya sha haɗuwa da baƙin kaya, ya karɓe su ya ci gaba da tafiya. Abin da ya riƙe shi tun asali shi ne makarantar allo, inda idon yaro yake fara buɗewa a kan wannan hannu, kuma ta nan ne rauninsa ya shigo.

Sana'ar ta daɗe, kuma tun da can tana hulɗa da nesa. A ƙarshen shekarun 1950 wani masani ɗan Ingila, A. D. H. Bivar, ya ga tsofaffin Alƙur'anai a Barno, ɗaya yana ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1669, da bayani a tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka. Wannan hannu mai kauri dangin rubutun Magrib ne: fa'un da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafun da ɗigo ɗaya a sama, karatun kuwa riwayar Warshu. Daga shi ne hannun Kano ya samo kamanninsa. Dixon Denham, wanda ya zauna a Kukawa a shekarun 1820, ya ba da labarin cewa ana kai Alƙur'anan Barno Arewacin Afirka a sayar. Takardar ma baƙuwa ce. Mai tambarin wata uku, wadda marubuta suka fi aminta da ita, a da a Italiya ake yin ta, ta sauka Tarabulus, raƙuma su ƙetaro da ita Sahara zuwa Kukawa da Kano.

A zauren marubuci ne ake gane inda ƙwarewar take fitowa. Zai fere alƙalamin gamba ya karkata bakinsa, ya ɗora takarda a gwiwa, ya zuba baƙaƙe da tawadar da ake dafawa da bagaruwa, wadda ruwa ba ya wanke ta kamar ta gawayi da ƙaro da ake rubuta allo da ita. Bayan sun bushe a bi da jan wasali, a ɗiga rawaya a kan hamza, a sa alamar aya da kumsa da kuri, a fitar da sumuni da izu a gefen shafi. Zayyana mai cika fuska takan zo a farkon kowane kwata: Baƙara, A'arafi, Maryam da Sad. Ba a ɗinke warƙoƙin, don haka ake rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta, sannan baduku ya ɗinka gafaka. Babu makarantar koyon zane da ta koyar da wannan. Yaron da ya fara da babbaƙu da farfaru, ya shekara goma yana wanke allo yana sake rubutawa, shi ne yake zama alaramman da zai rubuta izu sittin da ka. Hadda da hannu tare suke girma.

Da ɗab'i ya zo, marubutan nan ya nema. Mai karatu a Arewa bai saba da siraran haruffan da ake bugowa daga Masar ba, saboda haka maɗaba'u, ciki har da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945, suka riƙa ɗaukar hoton rubutun hannu suna bugawa. Ta wannan hanya hannun Sharif Bala Gabari na Kano ya shiga makarantu da masallatai har ƙetaren Najeriya, abin da ba zai yiwu ba da kwafi ɗaya-ɗaya. Canjin da ya taɓa tushe daga baya ya zo, lokacin da Islamiyyu suka yawaita da riwayar Hafsu, kuma maɗaba'ar Sarki Fahad da aka buɗe a Madina a 1984 ta wadata alhazai da kyautar Alƙur'ani. Sai aka samu yaran da suka yi sauka ba su taɓa fere alƙalami ba, kuma rubutun kakanninsu yana yi musu wuyar karantawa.

Wani zai ce ai ba a yi asara ba, tunda bugun Madina ya fi tsabta, ya fi sauƙin samu, kuma kwamitin malamai ya tace shi. Duk wannan gaskiya ne, kuma alheri ne. Sai dai shi ma bugun Madina rubutun hannu ne, na Usman Taha, wanda aka girmama aikinsa aka yaɗa shi. Tacewa kuwa tsangaya ta san ta, domin gwanaye sukan bi rubutaccen Alƙur'ani harafi-harafi kafin a aminta da shi. Wani kuma zai ce hannunmu bai kai na Istambul kyau ba. To amma kowane rubutu da abin da aka yi shi dominsa. Namu an ƙera shi ne ya karantu a hasken wutar kiskali, ga yaro mai koyo da tsoho mai raunin gani, kuma kaurinsa da launukansa suna biyan wannan buƙata.

Saboda haka adana tsofaffin kwafe a Gidan Arewa na Kaduna ko a jami'o'i, duk da muhimmancinsa, rabin aiki ne. Sana'ar da ta rayu da takardar Italiya da injin Zariya za ta iya rayuwa da kwamfuta, muddin akwai masu karanta ta da masu koyon ta. Islamiyyu su ware wa ɗalibai lokacin rubutu da alƙalami, masu hali su riƙa ba alarammomi aiki da ladan da ya kai wahalar watanni, su kuma alarammomin su zaunar da almajirai a gefensu har hannunsu ya faɗa.