Birnin Kambirij da Tarihin Nazarin Hausa

Duk wanda ya ziyarci birnin Kambirij na ƙasar Ingila, abin da zai fara ɗauke masa hankali shi ne tsofaffin gine-ginen jami'a da ke jere a gaɓar Kogin Kam. Tarihi ya nuna cewa jami'ar ta samo asali ne a shekarar 1209, sa'ad da wasu malamai suka ƙaurace wa Okusfod sakamakon rikici da mutanen gari. An kafa Peterhouse, wadda ita ce kwaleji mafi daɗewa, a 1284, majami'ar Kwalejin King's kuwa an aza harsashinta a 1446, zamanin Sarki Henry na Shida.

Sai dai ga manazarcin Hausa akwai abin da ya fi waɗannan muhimmanci. Maɗaba'ar wannan jami'a ce ta buga littafin Charles Henry Robinson, *Specimens of Hausa Literature*, a 1896, wanda ya ƙunshi rubutattun waƙoƙin ajami da fassararsu. Ƙamusunsa kuma ya biyo baya a juzu'i biyu, 1899 da 1900.

Abin lura a nan shi ne, Robinson malamin addinin Kirista ne, kuma ayyukan nan sun fito ne kafin Turawa su ci Kano a 1903. Ke nan nazarin harshenmu ya riga yaƙi isowa. Don haka bai kamata mu yi watsi da littattafan ba, haka kuma bai kamata mu karɓe su ido rufe ba. Wajibi ne mu gwada waƙoƙin da kwafe-kwafen da ke hannun malamanmu na zaure, domin mu tantance abin da mawallafansu suka faɗa da abin da baƙo ya fahimta.