Masanin abinci a gidajen kula da tsofaffi a Ingila

Masanin abinci ma'aikacin lafiya ne da ya yi karatu a kan yadda abinci ke shafar jiki da cuta. A gidajen kula da tsofaffi na Ingila, babban aikinsa shi ne magance rama da ƙarancin abinci mai gina jiki kafin su kwantar da tsoho. Doka ta hana kowa amfani da sunan wannan sana'a a Birtaniya sai wanda ya yi rajista da hukumar HCPC. Ƙungiyarsu ta BDA kuwa an kafa ta ne a shekarar 1936.

Dalilin buƙatarsa

Tsufa yakan rage sha'awar abinci da jin ƙishirwa. Ga kuma zubewar haƙora, da cutar mantuwa, da shanyewar ɓarin jiki wadda kan hana haɗiya. Tsohon da ya rame yana saurin faɗuwa, cututtuka suna saurin kama shi, kuma gyambon da doguwar kwanciya ke haifarwa ba ya warkewa da wuri. Saboda haka ƙa'ida ta 14 a dokokin 2014 ta wajabta wa gidajen su wadata mazaunansu da abinci da abin sha. Hukumar CQC ce ke sa ido a kan wannan.

Gwajin MUST

Yawancin gidajen ba su da masanin abinci na kansu, sai dai su tura buƙata ga na hukumar lafiya ta NHS. Ma'aikatan gida ne ke fara tantancewa da gwajin MUST, wanda ƙungiyar BAPEN ta fitar a 2003. Gwajin yana duba abu uku:

1. Nauyin mutum idan aka kwatanta da tsayinsa.
2. Nauyin da ya zubar ba da niyya ba cikin wata 3 zuwa 6. Idan ya haura kashi 10 cikin 100, ana ba shi maki 2.
3. Ciwo mai tsanani da ya hana shi cin abinci fiye da kwana 5.

Maki 0 yana nuna haɗarin kaɗan ne, maki 1 matsakaici, maki 2 zuwa sama kuma babba. Akan maimaita gwajin duk wata.

Ayyukansa

Ga wanda ya rame, masanin abinci yakan fara da abincin da aka saba ci. Sai a ƙara madarar gari, man shanu ko cuku a girki, a kuma riƙa ba shi ɗan abin taɓawa tsakanin kalaci da kalaci. Wannan ya saɓa wa shawarar rage maiƙo da ake ba sauran jama'a. Idan hakan bai wadatar ba, sai a haɗa da abin sha na musamman mai gina jiki.

Idan matsalar haɗiya ce, masanin magana da haɗiya ne ke gwada majinyacin ya faɗi irin laushin abinci da kaurin abin sha da suka dace, bisa tsarin IDDSI mai matakai daga 0 zuwa 7. Masanin abinci kuma ya tabbatar da cewa abincin da aka niƙa bai rasa amfaninsa ba.

Haka nan yana tsara abincin masu ciwon suga da ciwon ƙoda, yana lura da waɗanda ake ciyarwa ta bututu, yana kuma horar da masu girki da masu jinya. Dole ne tsarin ya yi la'akari da addini da al'adar mutum, kamar abincin halal, da kuma zaɓinsa.